Dariya da Zambo a Dandamali: Yadda Aka Karɓi Wasan "Sufeton Gwamnati" a Ƙasar Rasha

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa shirya wa ɗalibai wasan kwaikwayo domin ranar ba da kyaututtuka ya san tsaka-mai-wuyar da ke cikin aikin. Za ka ɗauko tsohon wasa mai zambo, sai ka ga yara sun fi ba da ƙarfi wajen faɗuwa da tuntsurawa, iyaye kuma nan suka fi yi wa tafi. To, idan aka cika wa wasan zambo barkwanci, shin zambon yana nan ko ya zube? Wannan tambaya nake so in duba, kuma na zaɓi in bi ta kan wani wasa na ƙasar Rasha, saboda an rubuta yadda 'yan kallo da masu sharhi suka karɓe shi tun ranar da aka fara nuna shi.

2.0 Wasan da Marubucinsa

Nikolai Gogol (1809-1852) shi ya rubuta wasan, sunansa da Rashanci Revizor, wato Sufeton Gwamnati. Labarin wani ƙaramin gari ne da manyansa suka ruɓe. Alƙali yana karɓar 'yan kwikwiyon farauta a matsayin toshiyar baki, shugaban gidan waya yana buɗe wasiƙun mutane, asibiti ta zama kufai, magajin gari kuma yana tatsar 'yan kasuwa. Ana haka sai labari ya iso cewa sufeto yana tafe daga babban birni a ɓoye. A daidai lokacin akwai wani ƙaramin akawu mai suna Khlestakov da ya maƙale a masauki, ya ƙarar da guzurinsa a caca. Tsoro ya sa suka ɗauka shi ne, suka yi ta cusa masa kuɗi, har ya nemi auren 'yar magajin gari, sannan ya sulale. Suna cikin karanta wasiƙarsa, wadda ta tona musu asiri, sai ga sanarwa cewa sufeton gaske ya iso. Kowa ya sandare inda yake, aka rufe labule.

3.0 Fitowar Farko, 1836

An fara nuna wasan a birnin Fitasbag cikin watan Afrilu 1836, Sarkin Rasha Nikolas na ɗaya yana zaune. 'Yan wasan sun saba da wasannin raha marasa nauyi, don haka suka yi shi a yadda suka saba, musamman Nikolai Dur wanda ya fito a matsayin Khlestakov. Wani marubuci mai suna Annenkov, wanda yake wurin, ya bayyana cewa da farko an yi ta dariya, amma da wasa ya yi nisa sai dariyar ta riƙa raguwa. Masu sharhi irin su Bulgarin da Senkovsky suka ce shirme ne da ƙazafi ga ma'aikatan gwamnati, Vyazemsky kuwa ya kare shi.

Gogol bai ji daɗi ba. Cikin watan Yuni na shekarar ya bar ƙasar. A 1842 ya fitar da wasan da gyare-gyare, inda ya ƙara wurin da magajin gari yake nuna wa masu dariya cewa kansu suke yi wa. Haka kuma ya rubuta wani ɗan gajeren wasa dabam a kan maganganun 'yan kallo lokacin da suke fitowa daga zaure, a ciki ya nuna cewa dariya ita ce kaɗai mutumin kirki a cikin wasan nasa. Ke nan dai Gogol bai ƙi dariya ba, wadda ba ta ciji kowa ba ita ya ƙi.

4.0 Farfaɗowa Biyu, 1926 da 1927

Bayan juyin juya halin 1917, wasan ya zama mai daɗin kallo ga sababbin masu mulki, tunda ana ɗaukarsa hoton ɓarnar zamanin sarakuna wanda ya wuce. Daraktoci biyu suka dagula wannan kwanciyar hankali.

Na farko shi ne Vsevolod Meyerhold, a birnin Mosko, ranar 9 ga Disamba 1926. Ya wargaza kashi biyar na wasan ya mayar da shi fitowa 15. Wajen ba da toshiyar baki, sai ƙofofi suka buɗe a jere, hannuwa suka miƙo kuɗi a lokaci guda kamar inji. A ƙarshe, inda ya kamata 'yan wasa su sandare, sai ya jera mutum-mutumi masu kama da su. Jaridu suka yi masa ca. Wasu suka ce ya kashe dariyar Gogol, wasu suka ce ya faɗaɗa rawar matar magajin gari ne kawai don matarsa, Zinaida Raikh, ita ke yin ta. Kwamishinan ilimi Lunacharsky da mawaƙi Mayakovsky suka tsaya masa. 'Yan kallo kuwa ba su daina zuwa ba, wasan ya ci gaba da fitowa har 1938, lokacin da hukuma ta rufe gidan wasan.

Na biyu shi ne Igor Terentiev, a birnin Leningirad, wato Fitasbag ta da, cikin 1927. Shi ya bi ɗaya hanyar, ya mayar da wasan barkwanci tsantsa. Ɗaliban mai zane Filonov suka yi wa 'yan wasa tufafi masu zane-zane irin na wawan sarki. Aka kafa makewayi a kan dandamali, manyan gari suna ta rige-rigen shiga, wai tsoron sufeto ya tsinka musu ciki. Aka cusa waƙe-waƙe a tsakanin maganganu. Daga ƙarshe, da aka ce sufeton gaske ya iso, sai ga Khlestakov ɗin nan dai ya sake shigowa. Masu sharhi da dama suka yi masa kaca-kaca, suka ce cin mutuncin adabi ne.

5.0 Abin da Na Gani

Abu na farko, waɗanda suka ce Meyerhold ya kashe dariyar Gogol, a ganina sun yi wa abin gurguwar fahimta. Dariyar da suke kewa ita ce irin ta Dur, wadda marubucin da kansa ya yi tir da ita shekara 90 kafin nan. Sun saba da kwafi har suka ɗauke shi asali.

Abu na biyu, ban yarda da masu yi wa Terentiev hukunci baki ɗaya ba. Dawowar Khlestakov a ƙarshe gugar zana ce mai zafi, domin tana cewa mai binciken da wanda ake bincika duk kanwar ja ce, babu wani adali da zai zo daga sama ya gyara gari. Inda na ga ya yi sake shi ne makewayin. Sau ɗaya ya isa ya nuna tsoro. Da aka yi ta maimaitawa, sai hankalin mai kallo ya bar toshiyar baki ya koma kan ciwon ciki, wanda ba laifin kowa ba ne. Mutumin da ya karɓi cin hanci da safe zai iya yi wa mai gudawa dariya da dare, ya koma gida ya yi barcinsa.

Abu na uku, tafi da cikar zaure ba su ne ma'auni ba, haka ma fushin jarida. A 1836 ma'aunin shi ne shirun nan da Annenkov ya lura da shi. Tsarguwa ce ta kawo shi, kuma wanda ya tsargu shi ake nufi.

6.0 Kammalawa

Wannan wasa ba baƙo ba ne a Nijeriya. Femi Osofisan ya juya shi zuwa Who's Afraid of Solarin? wanda aka buga a 1978, ya kai labarin majalisar ƙaramar hukuma, ya sa tsoron Tai Solarin, kwamishinan sauraren koke-koken jama'a, a madadin tsoron sufeto. Mu ma muna da tsofaffin wasanni da ake farfaɗowa da su a makarantu, irin su Zamanin Nan Namu da Jatau na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, kuma tun kafin boko 'yan kama da masu tashe sun san yadda ake naɗe gaskiya cikin raha.

Shawarata ga malamai ita ce, kada a hana yara ba da dariya, domin wasan zambo da ba dariya wa'azi ne. Amma kowane wurin barkwanci da ɗalibi ya ƙaro, a tambaye shi: wa ake yi wa dariyar nan, kuma a kan wane hali? In ya ba da amsa, a bar shi. In ya ce ai mutane za su yi tafi ne kawai, to a cire. Allah Ya sa mu dace.