Tatsuniya a Dandalin Aji: Sharhi kan Dabarar Wasan Kwaikwayo da Ƙagen Nan-take

1.0 Gabatarwa

Tun daga kundin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, har zuwa jerin Tatsuniyoyi da Wasanni na Ibrahim Yaro Yahaya na 1971, rubutu ya ceci ɗimbin tatsuniyoyi daga salwanta. Sai dai ya raba su da muryar mai bayarwa da waƙa da amshin masu sauraro. Dabarar mayar da tatsuniya wasan kwaikwayo a aji, inda ɗalibai ke ƙagar zance nan-take ba tare da rubutu ba, hanya ce ta maido mata da abin da ta rasa. Mun amince da dabarar, amma muna ganin yadda akan aiwatar da ita yana buƙatar gyara.

2.0 Tushen Dabarar

Ƙagen nan-take ba baƙo ba ne ga ɗan Bahaushe. Yaran da ke tashe a watan azumi da 'yan matan da ke wasan 'yartsana ba su jiran a rubuta musu abin da za su faɗa. Haka kuma wasannin talabijin irin su Samanja na Usman Baba Pategi sun dogara ƙwarai ga basirar 'yan wasa ta ƙagar magana. Ke nan yaro yakan zo aji da wannan baiwa tun daga gida, aikin malami shi ne ya yi mata linzami.

3.0 Inda Gizo ke Saƙar

Matsala ta farko ita ce hadda. Malami yakan rubuta zantukan taurari, ya raba wa ɗalibai biyar ko shida su haddace, sauran aji kuma su zuba ido. Wanda ya yi ƙirƙira a nan shi ne malamin, ɗalibi kuwa aku ya zama.

Ta biyu ita ce cusa wa'azi. Saboda manhaja ta nemi a fito da darasin tarbiyya, sai a tilasta wa Gizo ya tuba a ƙarshen wasa. Alhali hikimar tatsuniya ita ce ta bar mai sauraro ya ga sakamakon haɗama da kansa. Gizon da ya tuba ya tashi daga Gizo.

Ta uku ita ce zubar da harshe. Da zarar an shiga wasa, akan yar da mabuɗi da marufin tatsuniya, a tsallake waƙoƙin da ke tsakiyarta, a manta da tsamin bakin Gizo. Wannan asara ta fi tsanani a makarantun da ake koyon Hausa a matsayin harshe na biyu, domin maimaicin waƙa da amshi shi ke dasa karin sauti da tsawon wasali a kunnen ɗalibi.

4.0 Misali

Mu ɗauki tatsuniyar Gizo da hankaki. Hankaki sun ara wa Gizo fukafukai, suka kai shi cin ɓaure a tsakiyar ruwa, ya yi ta hana su 'ya'yan da suka nuna, su kuma suka karɓe gashinsu suka bar shi a kan itace. Malami zai iya tsayar da labarin a nan, ya kasa aji rukuni-rukuni. Wani rukuni ya kwaikwayi yadda Gizo zai roƙi hankaki, wani ya nuna Ƙoƙi tana jiran mijinta a gida, wani kuma ya kai ƙarar fadar Zaki, Dila ya tsaya wa Gizo. Sharaɗi ɗaya ne: kowane tauraro ya riƙe halinsa na asali. Da wannan sharaɗi ɗalibi zai tambayi kansa abin da mai haɗama zai ce idan dabara ta ƙare masa, kuma wannan tambaya ita ce mafarin nazarin adabi.

5.0 Shawarwari

Muna ba masu tsara manhaja shawarar a ware darasi biyu ga kowace tatsuniya: na farko don saurarenta cikakkiya da waƙoƙinta, na biyu don sake ƙera ta. A ajiye mai ba da labari a cikin wasan, aji duka ya zama 'yan amshi, ta yadda yawan ɗalibai ba zai zama cikas ba. A kuma ba wa aikin baka maki a cikin gwajin da ake yi a tsawon zango, domin abin da ba a aunawa malami yakan ajiye shi gefe idan jarrabawa ta gabato. Kwalejojin ilimi su ma ya kamata su horar da ɗaliban Hausa kan jagorantar irin wannan wasa kafin su fita gwajin koyarwa.

6.0 Kammalawa

Yau yara da yawa ba su samun hirar dare a gaban kaka, saboda haka aji ne wurin da za su fara haɗuwa da Gizo da Ƙoƙi. Idan hadda da wa'azi suka tarbe su a can, za su ɗauki tatsuniya a matsayin wani nauyin karatu. Idan kuwa aka ba su dama su yi magana da bakin taurarin, za su iya ba ƙannensu labarin idan sun koma gida.