Tsakanin Alkafura da Maƙura: Tarken Salo a Kokawar Resilin

Mai yiwuwa ne wani ya yi mamakin ganin zancen kokawar Turawa, wadda yaranmu ke kira resilin, a cikin mujallar da aka keɓe wa adabi. Hujjarmu ita ce, wannan kokawa wasan kwaikwayo ce, tana da tauraro da abokin gaba, tana da ƙulli da warwara, kuma kafin a hau dandamali an riga an san wanda zai yi kaye. Masu sana'ar da kansu sun daina ɓoye wannan tun 1989, lokacin da kamfanin WWF ya shaida wa 'yan majalisar jihar New Jersey ta Amurka cewa abin da yake nunawa nishaɗi ne, domin ya kuɓuta daga dokokin da ke kan wasannin gasa. Tun kafin nan ma, masanin adabin nan na Faransa, Roland Barthes, ya sanya nazarin wannan kokawa a farkon littafinsa Mythologies na 1957. Abin da wannan maƙala za ta yi tarke a kai shi ne wata jayayya da ta daɗe tsakanin ma'abota wasan game da salo, domin mun lura ita ce dai jayayyar da muke yi a aji duk lokacin da ɗalibi ya kawo mana ƙagaggen labari muka ce masa, "Wannan ba zai yiwu ba."

Salo biyu ake magana a kansu. Na farko shi ne wanda ke ƙoƙarin kama da faɗan gaske: riƙo, murɗiya, maƙura, danniya, da duka mai ƙara, irin wanda aka san Lou Thesz da Karl Gotch da shi. Na biyu kuwa shi ne na tsalle da alkafura, inda ɗan kokawa zai hau igiyar sama ya wulwula a iska kafin ya sauka a kan abokin karawarsa. Cibiyar wannan salo ita ce Meziko, inda Salvador Lutteroth ya kafa kamfanin kokawa a 1933, wanda har yanzu yana nan da sunan CMLL. Dattawanmu da suka ga Mil Mascaras a akwatin talabijin sun san irinsa.

Jayayyar ta yi tsanani ne bayan karawar da Will Ospreay ɗan Ingila ya yi da Ricochet ɗan Amurka ranar 27 ga Mayu, 2016, a zauren Korakuen na birnin Tokiyo. A farkon wasan, samarin nan biyu sun yi ta kai wa juna hari suna gocewa, wannan ya tsallake wancan, wancan ya wuntsila ta ƙarƙashin wannan, har suka ruga tare suka dafa ƙasa da hannu, suka bugi igiya da ƙafa, suka yi alkafura da baya, suka dira a lokaci guda suna kallon juna. Wannan ɗan guntun hoto ya zagaya duniya ta intanet. Sai tsohon zakaran nan Vader ya fito ya kushe shi, yana ganin abin da aka yi rawa ce da aka haddace, irin ta 'yan wasan motsa jiki, babu labari a cikinta, kuma babu alamar wani daga cikinsu yana neman ka da ɗan'uwansa. Cacar bakin ta kai har aka haɗa Vader da Ospreay a Landan cikin watan Agusta na shekarar, Vader yana da shekara 61, aka kuma ba shi nasara. 'Yan kasuwa ke nan, ko faɗa ya tashi sai sun sayar da tikiti a kansa.

Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu tambaya, wace gaskiya ce masu salon gaskiya ke taƙama da ita? Ɗauki abin da kowane ɗan resilin ke yi, ko na wane salo ne: ya kama hannun abokin karawarsa ya wurga shi ga igiya, shi kuwa ya yi ta gudu har ya bugi igiyar, ya juyo, ya dawo da gudu wurin wanda ke jiran ya doke shi. Wane mai hankali ne zai yi haka a faɗan gaske? Ko kuma ƙato ya haye kan mutum a kusurwa ya zuba masa naushi goma a fuska, 'yan kallo na ƙirgawa, ya sauko ba kumburi ba jini. Duk wanda ya taɓa zuwa gidan dambe ya san abin da hannu ɗaya ke yi wa haɓa. Shi kansa Vader, wanda aka sani da duka mai tsanani, wanda idonsa ya zazzago a karawarsa da Stan Hansen a 1990 ya mai da shi ya ci gaba da wasa, yana cikin sanannun dabarunsa ya hau igiyar sama, da nauyinsa na kusan kilo 200, ya yi alkafura da baya. Ashe dai abin da ake kira gaskiya a nan yarjejeniya ce tsakanin ɗan wasa da ɗan kallo, wadda tsufa ya sa aka manta cewa yarjejeniya ce. Ƙaryar da ido ya saba da ita ce ake kira gaskiya, sabuwar kuwa a ce da ita rawa.

Akwai lokutan da aka shigo da gaskiyar tsagwaronta, kuma sakamakon abin lura ne. A ranar 26 ga Yuni, 1976, Antonio Inoki ya kara da Muhammad Ali a Tokiyo, bisa ƙa'idojin da suka ɗaure wa Inoki hannu. Sai ya kwanta rigingine mafi yawan turmi 15 ɗin yana harbin ƙafafun Ali, naushin da Ali ya kai bai wuce a ƙirga da yatsu ba, aka tashi canjaras, 'yan kallo suka yi ta jifa da shara don haushi. Dabarar Inoki daidai take ga mai neman tsira, amma ba ta da daɗin kallo. Haka kuma a 1998 kamfanin WWF ya shirya wa 'yan kokawarsa gasar faɗan gaske mai suna Brawl for All. Bart Gunn, wanda ba a yi tsammani ba, ya sumar da Steve Williams, wanda kamfanin ke shirin ɗaukakawa, wasu suka ji raunuka, shirin wata da watanni ya wargaje. Da shekara ta zagayo aka haɗa Gunn da ɗan damben nan Butterbean, ya gama da shi cikin daƙiƙa 35. Gaskiya ba ta san inda ƙulli yake ba balle ta jira warwara.

Mutum guda da rayuwarsa ta haɗa ɓangarorin biyu shi ne Satoru Sayama na Japan. Shi ne ya sa fuskar damisa da sunan Tiger Mask, kuma karawarsa da Dynamite Kid tsakanin 1981 da 1983 ita ce makarantar da yawancin masu tsalle na yau suka yi karatu a cikinta. Yana kan ganiyarsa ya ajiye fuskar, ya shiga ƙungiyar UWF a 1984 tare da Akira Maeda, inda aka rage tsalle da gudun igiya aka koma harbi da murɗiya. Wannan ma bai ishe shi ba, sai ya fita ya kafa Shooto, wadda gasar faɗa ce ta haƙiƙa. Wato wanda ya bi kiran gaskiya har ƙarshensa, ficewa ya yi daga resilin ɗin ɗungurungum.

To, idan kama da zahiri ba shi ne ma'auni ba, mene ne? A nan adabinmu zai taimaka mana. Gasar rubutu ta 1933 ta haifar mana da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ɗaya ya kai mu duniyar aljannu, ɗaya ya bi da mu ta hanyar bayi da ayarin hamada. Ba mu taɓa jin manazarcin kirki ya ce na farko ya gaza don babu irin wannan ruwa a duniya ba. Abin da ya riƙe Ruwan Bagaja shi ne, duk abin da aka yi a cikinsa yana da sakamako: in Alhaji ya yi wa Malam Zurƙe tsiya, mai karatu ya san ramuwa na tafe. Tun zamanin Aristotle aka gane cewa abin da ba zai yiwu ba amma ya shiga hankali ya fi amfani ga mai ƙaga labari bisa abin da zai yiwu amma bai shiga ba. Saboda haka tambayar da za mu yi wa kowace karawa ita ce: wannan bugu, ko wannan tsalle, me ya jawo? Wa ya biya kuɗinsa, kuma an ga alamar biyan a jikinsa bayan minti biyar?

Shekarar 1997 ta ba mu misalai biyu, ɗaya daga kowane salo. A watan Maris, Bret Hart ya kara da Steve Austin a bikin WrestleMania na 13, bisa sharaɗin ba a nasara sai ɗaya ya ce ya sallama. Babu tsallen a zo a gani a wasan. Hart ya ɗauki lokaci yana dukan ƙafar Austin, saboda maƙurar da yake gama wasa da ita ƙafafu da gadon baya take kamawa, don haka kowane bugu shiri ne na abin da ke zuwa. Da ya ɗaure shi, jini na kwarara a fuskar Austin, ya yunƙura kamar zai kuɓuce, ya kasa, ya ƙi sallamawa, har ya suma. Hart ya ci wasa, amma da ya ci gaba da dukan sumamme sai jama'a suka juya masa baya, suka bi wanda aka kayar da tafi. Cikin kusan minti ashirin da biyu tauraro da mugu sun yi musayar matsayi, ba tare da dogon jawabi ba. Marubutanmu da yawa kan cika shafi ɗari ba su iya sauya halin tauraro sau ɗaya ta hanyar da za a yarda ba.

A watan Oktoba kuma, a Las Begas, Rey Mysterio ya kara da Eddie Guerrero. Wannan wasa cike yake da tsalle, har da wanda ido ba ya iya bi sai an maimaita hoton. Amma dubi yadda aka gina shi. Guerrero ya sa kambunsa, Mysterio ya sa abin rufe fuskarsa, wanda a al'adar kokawar Meziko rasa shi tamkar a tuɓe wa basarake rawani ne a bainar jama'a. Mysterio ƙarami ne, in aka tsaya ƙarfi da ƙarfi ba shi da rabo, don haka tashi sama ita ce kaɗai hanyarsa, kamar yadda wayo ne kaɗai makamin Gizo a gaban Zaki. Guerrero ya san haka, sai ya riƙa kamo shi daga iska yana karya masa baya a kan gwiwa, yana yayyaga marufin fuskar don wulaƙanci. Kowane tsalle caca ne, wani ya ci, wani ya faɗi ya sha azaba. A ƙarshe, daga can saman igiya, Guerrero ya ɗaga shi zai maka da ƙasa, Mysterio ya juya dabarar a kansa ya danne shi. A nan alkafura magana ce a cikin jimla, in aka cire ta ma'ana ta tafi. (Abin takaici, kamfanin ya sa an tuɓe wa Mysterio fuskar a 1999, sai a 2002 ya koma sa ta a wani kamfanin. Masu kuɗi ba su cika sanin darajar abin da marubuci ya tara ba.)

Da wannan ma'auni, a ganinmu Vader ya faɗi rabin gaskiya. Ya yi kuskure da ya ce babu labari, domin buɗewar nan da ya kushe tana faɗin abu guda a fili: waɗannan biyu tsara ne, kowa ya san sirrin kowa, kuma daga baya wasan ya koma duka mai zafi har Ospreay ya yi nasara. Hukunci a kan guntun hoto kamar tarken littafi ne daga bangonsa. Inda ya yi daidai shi ne, akwai wuraren da ake ganin haɗin baki ƙarara, mutum ya tsaya yana gyara tsayuwa don a zo a faɗo masa, ko a maka shi da kai ya miƙe garau don lokacin dabara ta gaba ya yi. Wannan aibi ne, kuma ya yaɗu a wurin masu kwaikwayon su waɗanda ba su kai su gwaninta ba. Bahaushen da ya tashi da kokawar gargajiya, inda da zarar an yi kaye ɗaya an gama magana, ya fi kowa saurin jin wannan, domin a wurinsa faɗuwa abu ce mai tsada. Idan aka ka da mutum sau ashirin ya tashi sau ashirin, kaye na ashirin da ɗaya ba shi da sauran daraja. Sai dai masu salon duka ma sun kamu da wannan cuta. A Japan cikin shekarun 1990, manyan zakarun kamfanin All Japan sun yi ta ƙara wa junansu nauyin kaye, ana jefa mutum a kan wuya ya tashi, har sai an ƙirƙiro wanda ya fi shi muni.

Wannan ya kawo mu ga inda resilin ya rabu da littafi. Marubuci na iya jefo tauraronsa daga kan dutse ya tashe shi a babi na gaba, tawada kawai ya kashe. Ɗan kokawa da jikinsa yake rubutu, kuma duk lokacin da ɗan kallo ya daina jin nauyin kaye, jikin ne ke cika giɓin. Dynamite Kid ya ƙare rayuwarsa a keken guragu kafin rasuwarsa a 2018. Hayabusa, gwanin tsalle na Japan, ƙafarsa ta zame daga igiya a watan Oktoba na 2001 yana shirin alkafurar da ya saba yi, ya sauka a ka, jikinsa ya shanye, sai bayan shekaru ya iya takawa da sanda. Mitsuharu Misawa, jagoran masu kaye mai nauyi, ya rasu ranar 13 ga Yuni, 2009, a birnin Hiroshima, bayan an jefa shi ta baya da wata dabara da ake yi a kusan kowane wasa. Shekarunsa 46.