Mawaƙin da Ba Shi da Ubangida

A fadojin samari na Agye da Gazawa da Gidan Rumji, inda ake zagaye butar shayi da ƙaramar sifika, tambaya ɗaya ba ta tsufa: "Wai yaushe wane zai saki sabuwa?" Akan yi ta da ƙorafi, kamar mawaƙin ya ci bashi ya ɓuya. Ni kuwa ina ganin bashin yana wuyanmu, mu masu saurare.

Waƙar Hausa ta daɗe tana tafiya da ubangida. Makaɗin fadar Sarkin Gobir a Tibiri bai san jiran ranar fitar da faifai ba. Salla ta zo, ko naɗin sarauta, ya tashi da ƴan amshinsa, ya ƙara ɗiya a kan tsohuwar waƙa, a ba shi riga ko doki nan take. Makaɗan noma da na kokowa ma haka, hannu da hannu ake biyansu a fili. Waƙar ba ta ƙarewa balle a jira wata, kullum sabunta ta ake yi a gaban jama'a.

Da kaset ya shigo, sai aka samu wani irin mawaƙi wanda ba sarki gare shi ba, ba attajiri. Jama'a ce ubangidansa. Marigayi Sa'adu Bori na Maraɗi yana cikin waɗanda suka fi nuna inda wannan hanya za ta iya kaiwa: ya ɗauko kiɗan bori ya ɗora a kan jita da gangunan zamani, kuma faifan Niamey Twice da ya yi tare da Musa Pusi a tsakiyar shekarun 1990 ya kai har kasuwannin Turai. Sa'adu ya rasu a haɗarin mota a 2008, masoyansa suna sa ran wani aikin. Ƙungiyar Mamar Kassey ta fitar da Denké-Denké a 1999, amma Taboussizé bai fito ba sai 2013. Tal National, wadda ta yi suna da raya dare a Yamai, ta jera Kaani a 2013, Zoy Zoy a 2015, Tantabara a 2018, duk ta hannun kamfanin FatCat na Ingila. Abin lura ke nan: faifan da ya fito a kan kari, galibi kuɗin waje ne ya tura shi.

Dalilin a fili yake. Mawaƙi daga Gazawa zai biya mota zuwa Maraɗi ko Kano, ya biya sutudiyo, ya sallami mai fiyano da ƴan amshi. Ranar da waƙar ta fita, kafin la'asar tana rumfar masu tura waƙa a kasuwa, daga nan ta bi katin waya da WhatsApp zuwa kowane ƙauye. Mai rumfa ya samu ƴan dalolinsa, ɗan kabu-kabu ya samu abin saurare a hanya, mai waƙar ko tamma. Akwai hukumar kare haƙƙin mawallafa, BNDA, amma hannunta bai kai rumfar ƙauye ba. Ga wuta kuma: bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar, Najeriya ta yanke layin da ke kawo lantarki daga Katsina zuwa Gazawa, aka rufe iyaka watanni, hanyar Kano ta toshe.

Shi ya sa waƙar siyasa da ta amarya ba sa makara. An biya tun kafin a buga kiɗan, dare ɗaya ya isa. Wadda ke daɗewa ita ce wadda babu sunan kowa a ciki, waƙar fari da tsadar hatsi, ta ɗan ci-rani da matar da ya bari. Ita muka fi so, ita ce kuma ba mu taɓa yi wa liƙi ba. Mawaƙin bai yi shiru ba, yana can gidajen biki yana kiran sunayen masu kuɗi don ya ciyar da iyali, waƙar da muke jira tana cikin kansa.

Al'adar liƙi ba ta mutu ba, wurin yin ta ne bai bi zamani ba. Fadojin da ke iya yin adashe don sayen rigunan ƙwallo za su iya haɗa jika biyar-biyar, su aika ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Al Izza, a biya wa mawaƙin garinsu kwana biyu a sutudiyo.