Tsokaci a Kan Nasarar Barack Obama a Zaɓen 2008

Masharhanta da dama sun jingina nasarar Barack Obama a zaɓen shugabancin Amurka na 2008 ga fasahar harshensa kurum. Wannan ra'ayi yana da giɓi. Jawabin da ya fito da shi fili ya yi shi ne a Boston cikin 2004, wurin babban taron jam'iyyar Dimokurat, amma a shekarar nan Shugaba George W. Bush ya kayar da ɗan takararsu, John Kerry. Dalili kuwa, jama'a ba su ƙosa da Bush ba tukuna.

Kafin 2008 al'amura sun juya. Yaƙin Iraƙi ya ƙi ƙarewa, guguwar Katrina ta 2005 ta tona sakacin hukuma, bankin Lehman Brothers kuma ya durƙushe cikin Satumban 2008. Sai kiran canji ya tarar da kunnuwa a buɗe. John McCain ya gaji laifin jam'iyyarsa, ya tashi da wakilan zaɓe 173, Obama kuwa 365. Faɗuwar wani tashin wani.

Sai dai ƙuri'ar fushi aro ce, ba kyauta ba. A zaɓen 2010, da rashin aiki ya ci gaba da addabar talakawa, jam'iyyar Obama ta rasa kujeru 63 a Majalisar Wakilai.