Tukunyar fure a ɗakin Kurfai: tsakanin hoton aro da ruwan rijiya

Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara. Maganar ta dace da wani yayi da ya shiga gidajen ma'aikata da malaman makaranta, ya taso daga Yamai har ya iso Filinge: kujeru masu siraran ƙafafu, ɗan teburi gajere, sai tukunyar shuka mai faffaɗan ganye a kusurwar ɗaki. Wayar hannu ce ta kawo hoton, kafinta ya kwaikwayi kujerar, amma shukar ta ƙi bin umurni. Kafin bazara ta wuce ganyen ya ƙone, mai gida ya gaji da ban ruwa, sai furen roba ya gaje wurin yana tara ƙurar hunturu.

Salon da ake kwaikwaya yana da tarihi. Ya bunƙasa a Amurka da Turai bayan yaƙin duniya na biyu, wajen 1945 zuwa ƙarshen shekarun 1960, kuma littafin Cara Greenberg na 1984 ne ya yaɗa sunan da aka san shi da shi yau, wato salon zamani na tsakiyar ƙarni. Ginshiƙansa kaɗan ne: kaya marasa tarkace, miƙaƙƙun layuka, manyan tagogin gilashi, da ƙoƙarin haɗa cikin ɗaki da waje. Gidan da Charles da Ray Eames suka gina a birnin Los Anjeles a 1949 shi ne misalin da aka fi ambata. A irin wannan gida shuka tana da aiki: tana sassauta kaifin ƙarfe da gilashi, tana kuma rayuwa da hasken da ginin ya tanadar mata.

Nijar ma tana cikin wannan tarihi. A shekarar nan ta 1949 aka kafa a Yamai wani gida na ƙarfe da alminiyom wanda Bafaranshe Jean Prouvé ya ƙera, aka kawo shi gunduwa-gunduwa daga Faransa. Wasu biyu sun bi baya a Barazabil a 1951. An yi masa rufi mai fitar da iska mai zafi ta sama, da makaran rana kewaye da shi. Duk da haka bai yaɗu ba, domin ya fi ginin gida tsada. A shekarar 2000 aka kwance gidajen uku aka mayar da su Faransa, kuma a 2007 aka sayar da ɗaya daga na Barazabil a Niyok kan kuɗi kusan dala miliyan 5. A Yamai daɓen siminti kawai aka bari, kamar yadda fim ɗin Manthia Diawara na 2008 ya nuna. Ko da an soki Prouvé da hidimar mulkin mallaka, ya fara ne da tambayar rana da iska, tambayar da masu kwaikwayon yau suke tsallakewa.

A ƙasar Kurfai amsar wannan tambaya a fili take. Damina gajeriya ce, ba ta cika wuce wata uku ba. A watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, hunturu kuma yana busar da komi. Saboda haka magina suka ƙanƙanta taga, ake kuma rufe ta da rana. Shukar monstera da ta cika hotuna ƴar dazuzzukan kudancin Meziko ce da Amurka ta Tsakiya, inda iska ke ɗauke da laima. Sanya ta a ɗaki mai duhu da rufin kwano hukuncin kisa ne a hankali. Haka ma ɓauren nan mai manyan ganye da Turawa ke kira Ficus lyrata: asalinsa Afirka ta Yamma, amma daga kurmin bakin teku, inda ruwan sama ya ninka na Filinge sau da yawa.

Akwai kuma batun ruwa, wanda ya fi ado nauyi. A gidan da yarinya ke ɗauko jarka daga famfo ko rijiya, duk shukar da ke neman sha kullum ƙarin aiki ce a kan wuyan wani, kuma sau da yawa ba wuyan wanda ya sayo ta ba. Adon da bai lissafa wannan ba yana da aibi tun daga tushe.

Wasu na ganin maganin shi ne a watsar da zancen gaba ɗaya, wai shuka a tukunya al'adar Nasara ce. Su ma sun yi gaggawa. Gidan Bahaushe bai taɓa rabuwa da tsiro ba: lalle da zogale a tsakar gida, dogon yaro a ƙofar zaure, aguwa tana shinge, gawo da goriba suna tsaye a gonakin Dallol Boso. Ɗakin mace kuwa yana da nasa ilimin tsari, wato jere, inda ƙorai da tasoshi da kwalla ke hawa bisa ƙa'idar girma da launi. Matar da ta iya jere ta riga ta san daidaito da tazara, kuma su ne abin da salon tsakiyar ƙarni yake taƙama da shi.

Zaɓi mai hankali yana farawa da haske. Cikin ɗaki, inda rana ba ta shiga sosai, shukar da ta fi dacewa ita ce sansebiyeriya mai miƙaƙƙen ganye kamar takobi, wadda Faransawa ke yi wa laƙabi da harshen suruka. Asalinta yankin nan ne na Afirka, tana jure duhu, tana kuma yin makonni ba ruwa. Yawan ban ruwa ne ma yake ruɓar da saiwarta. Tsayuwarta ta dace da gajeriyar kujera fiye da kowane ganyen kurmi. Bakin taga wurin zabuwa ne, wadda aka fi sani da alowe. Kariya, mai kaurin gindi da jan fure a tsakiyar rani, rana take so tsantsa, don haka mazauninta baranda ko bakin rumfa. Ruwan jikinta dafi ne, sai a nisanta ta da yara da awaki.

Tukunya ma tana da nata hukunci. Ta roba tana dafa saiwa idan rana ta buge ta, ta yumɓu kuwa tana numfashi kamar randa. Matan Bubon, a bakin kogin Kwara, sun shahara da ginin tukwane, kuma jar ƙasarsu ta fi farin roba jituwa da katako. Dole a huda gindinta, a haɗa rairayi da taki da ya ruɓe sarai don gudun gara, kada kuma a bar ruwa ya kwanta a faranti, domin nan sauro ke ƙyanƙyasa. Tukunya ɗaya babba a inda ido ke sauka ta fi goma ƙanana da aka watsa ko'ina.

Nauyin gyara yana kan makarantu da ƙungiyoyin al'adu. Ɗalibin da ya iya faɗin sunan shuka da Faransanci amma bai san kariya ko aguwa da harshen uwarsa ba, zai girma yana sayen abin ƙasarsa da sunan baƙo. Ƴan tukwane a barandar aji, kowace da sunanta cikin Hausa da Zabarmanci da Faransanci, da jadawalin ban ruwa da yara ke riƙe da kansu, sun isa darasin kimiyya da na harshe da na ado a lokaci guda. Malamin da zai fara ba ya buƙatar kasafin kuɗi: reshen aguwa ɗaya da tsohuwar tukunya da aka huda sun wadatar a makon farko.