Me Ya Sa Roy Bai Bar Shi Ya Faɗi Ba?

A ƙarshen fim ɗin Blade Runner na Ridley Scott, wanda ya fito a 1982, muna ganin Deckard yana reto a jikin wani ƙarfe a saman dogon bene, ruwan sama na dukansa, yatsunsa biyu a karye. Wanda ya karya su, Roy Batty, yana tsaye a kansa. Roy mutum ne ƙirar masana'anta, an yi shi don bauta, an yanka masa shekara 4 kacal a duniya. Deckard kuwa shi ne mafaraucin da ya harbe masoyiyarsa Pris. Amma da hannun Deckard ya suɓuce, sai Roy ya cafke shi ya ɗago shi. Me ya sa?

Amsa mai sauƙi ita ce tausayi. A sigar farko ta fim ɗin, muryar Deckard ta yi hasashen cewa Roy ya ga darajar rai ne da nasa ya zo ƙarewa. An cire wannan murya a sigar 1992, kuma a ganinmu gara da aka cire. Ba mu manta ba, hannuwan nan ne suka murƙushe kan Tyrell, wanda ya ƙera shi, bayan ya ce ba shi da dabarar ƙara masa kwana.

Mu dai muna ganin shaida Roy yake nema. Leon da Zhora da Pris duk sun mutu. Abubuwan da ya gani a sararin samaniya ba sa cikin kan kowa sai nasa, kuma gawa ba ta sauraro. Shi ya sa ya fara korar Deckard ɗaki-ɗaki, har ya ɗanɗana masa tsoron da bawa ke kwana da shi. Sai da kunnen ya buɗe, sannan ya zauna ya ba shi labari, ya cika.

Akwai son kai a ciki, ba shakka. Amma aikin Deckard shi ne tantance wane ne mutum da na'urar auna tausayi. Roy ya nuna masa abin da na'urar ba ta aunawa: fargabar mutuwa ba tare da an san ka taɓa rayuwa ba. Wannan fargabar kuwa duk mun san ta.