Zaure da Cikin Gida: Abin da Ake Ɓoye wa Ɗan Kallo

Masu gina wuraren shaƙatawa a Amurka sun daɗe da gane cewa ɗan kallo ba ya son ganin wahalar da aka sha kafin a faranta masa rai. Kafin kamfanin Disney ya buɗe dandalinsa na Magic Kingdom a Jihar Fulorida cikin 1971, sai da aka fara gina hanyoyin ma'aikata, aka binne su da ƙasar da aka haƙo wajen yin tafki, sa'an nan aka ɗora dandalin bisansu kamar bene. Ta nan ake shigo da abinci, ta nan shara ke bin bututu ta fita, nan kuma 'yan wasa ke sauya tufa. Abin da ya ƙi ɓoyuwa, sai a shafe shi da wani koren fenti maras jan ido.

Bahaushe bai jahilci wannan dabara ba, zaure na baƙo ne, cikin gida na iyali. Sai dai shi kunya yake tsarewa, su kuwa ciniki.

Babban abin kallonmu, wato hawan Salla, ya saɓa wa tsarin Disney. A Katsina zagi na tafe gaban doki, kowa na ganinsa. Mai kula da bargar sarki kuwa har sarauta gare shi, Shamaki. Ba wanda aka tura ƙarƙashin ƙasa. Duk da haka akwai bayan fage, nisa ne ya rufe shi. Hakimi ya shigo birni daga Matazu da dawakinsa, a yi ta yaba ƙibarsu, alhali dawar da suka ci shekara guda, da harawar wake da ta gyaɗa, suna da mai noma su. Haka murin da ke share turke kullum safiya, da badukun da ya ɗinke sirdi.

A nan masu rubutu suka gaza. Tun da aka shirya hawa domin baƙi a Kaduna, na Sarauniyar Ingila a 1956 da na bikin FESTAC a 1977, bayanin da akan yi ya tsaya ga lifidi da kakaki da algaita, kamar dai marubucin shi ma baƙo ne da aka tsayar a zaure. Ga kalmomin barga suna ɓacewa daga bakin yara: turke, dabaibayi, akumari, ragama. Mai son tattara su sai ya bi dawakin zuwa gida bayan an watse.